Yadda Na Hana Yara Goma Sha Bakwai Shan Ruwa a Siri Lanka

To, tunda kun ƙi barina in huta, bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Yau kwana huɗu da dawowata Dubai, ko a cikin metro nake sai waya ta yi ƙara: Ruƙayya ya Siri Lanka, me kika kawo mana, wai da gaske kin zama malama? Har Hajiya Turai, kwastomata ta Kano da ba ta taɓa tambayar lafiyata ba sai ranar da kayanta za su taso a kago, ta turo murya tana cewa ta ji an ce na shiga gidan gumaka. Ban shiga ba, Hajiya. A rumfar waje na tsaya, kuma a nan ɗin ma abin da na yi ya isa.

Ga waɗanda ba su san Nilmini ba, ita ce wadda muke ɗaki ɗaya a Abu Hail, ni a gadon ƙasa ita a na sama. 'Yar Siri Lanka ce, tana aiki a wani shagon canji a Al Rigga. Ƙanenta mai shekara goma sha biyu yana zaune a wani gidan ibadar Buda a ƙauyensu, cikin yaran nan da ake aske wa kai a sa musu mayafi ruwan lemo, suna karatun zama malaman addininsu. Sunan da aka sa masa a can Sumana. Yaron yana son kimiyya kamar me, amma makarantarsu ba ta da ko kwalba ɗaya ta gwaji. Shekara guda Nilmini tana roƙon babban malaminsu ta waya, kafin ya yarda a kawo ƙananan madubin ganin ƙwayoyin cuta a gwada na kwana uku. In ya ga amfani a bar su, in bai gani ba kwalin ya koma inda ya fito, kuma kar a sake ɗaga masa maganar.

Ni kuma laifina ɗaya. Wata rana ina cika baki na ce mata ai ni na yi difloma a aikin lab kafin in faɗa sayar da abaya ta waya. Ban gaya mata cewa mu sittin ne a kan madubi ɗaya ba, shi ma a kulle yake a ofishin malam. Sai kawai ta leƙo daga gadon sama ta ce, "Khalas, magana ta ƙare, ke za ki koyar. Ni zan yi fassara."

Tafiyar ta fara ne daga kasuwar 'yan Chana da ke nan Dubai. Mai shagon ya miƙo min samfur mai nauyi, gilashinsa tas kamar hawaye. Na ce a ba ni ashirin. Da aka kawo kwali na sa aka buɗe a gabana, sai ga wasu na roba, marasa nauyi kamar ludayi. Na ce, "Habibi, ni za ka yi wa samfur daban kaya daban? A gidanmu aka raɗa wa wannan dabarar suna." Ya yi dariya ya canza. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Biza kuwa kun san halin koren fasfo. Nilmini ta gama nata shirin a yini ɗaya, ni sai da aka aiko wasiƙar gayyata daga gidan ibadar, da hatimi, da sa hannu mai kama da an kwance zare. Da muka sauka filin jirginsu, jami'in ya duba fasfo, ya duba wasiƙa, ya duba gyalena, ya duba kwali.

Ya ce, "Musulma?"

Na ce e.

"Daga Najeriya, ta Dubai, za ki gidan ibadar Buda, ki koyar da kimiyya?"

Na ce haka takardar ta ce.

Ya sa aka buɗe kwalin, ya ɗauki madubi ɗaya ya leƙa ta gindi. Bai ga komai ba, amma ya yi fuskar wanda ya gani. Sannan ya kaɗa kai hagu da dama. Na ɗauka ya hana, har na fara tunanin abin da zan gaya muku. Nilmini ta ja ni ta ce, "Yalla, ya ce mu wuce." Ashe su haka suke cewa to. Kwana takwas na yi a ƙasar nan ban taɓa sanin an amince min ba sai an fassara.

Daga nan sai bas zuwa wajen Kurunegala. Bas ɗinsu ba ta san birki ba, hon kawai ta sani. Ina shiga na hango kujerar gaba, ta bayan direba, babu kowa, alhali mutane na tsaye har ƙofa. Na ce wannan sakarci da yawa yake, na yi wuf na zauna na ɗora kwalina a cinya. Kowa ya zuba min ido. Na ɗauka kyau ne. Tasha biyu sai wani yaro mai mayafin lemo ya hau, bai fi shekara goma ba, rungume da lema. Kwandasta ya zo ya tsaya a kaina yana kaɗa kai, wannan karon ba to yake nufi ba. Kujerar malaman addini ce. Na tashi, yaron ya zauna shi kaɗai a kujerar mutum biyu, ni da wani dattijo mai furfura muka rataya a ƙarfe kusan awa biyu. A Kano da dattijon nan ya yi gyaran murya ɗaya, da yaron ya koma kan injin.

A gidan su Nilmini aka sauke ni. Mahaifiyarta, kowa Amma yake ce mata, ta ba ni ɗakin da babu mutum-mutumi a ciki, ta shimfiɗa min tabarma ta nuna min alƙibla, har kaza ta aika aka sayo wajen mahauci Musulmi a cikin gari. Allah ya saka mata. Abinci dai shinkafa da safe, shinkafa da rana, da daddare kuma taliyar da aka yi da garin shinkafa don a ce an canza. Kwakwa tana cikin komai. Yaji kuma, ni da nake taƙama da yajin tsire, loma uku na yi hancina ya fara zuba. Amma ta ce ai wannan na baƙi ne, an rage.

Sauro ya sauka a hannuna na tafa shi. Tsohuwar ta kalli tafina ta kalle ni, kamar na mari jikanta. Ita korarsu take da mafici, tana yi musu magana. A lokacin dariya abin ya ba ni. Da na san inda zai kai ni da na natsu.

Washegari muka ɗauki a-daidaita-sahu, don su ma suna da ita, har halin direbobin ɗaya, zuwa gidan ibadar. Shekara biyu Nilmini ba ta ga ƙanenta ba, duk hanya tana share ido. Na zaci runguma za a yi. Yaron na fitowa sai ta cire takalmi ta durƙusa ta kai goshinta ƙasa a gabansa. Shi kuma ya tsaya ƙiƙam yana sa mata albarka da murya irin ta manya, amma idonsa na kan kwalin. Ba ta taɓa shi, ba ta kiran sunansa na gida. Ni in kuka ga na durƙusa gaban ƙanena Abba, takalmin da zan jefe shi da shi nake nema.

Babban malamin tsoho ne siriri, mai tabarau. Laƙabinsa ya fi ƙarfin harshena, farkonsa kawai na kama, nake ce masa Baba Loku. A wurin ibadarsu ba a shiga da rufin kai, shi da kansa ya ce a yi ajin a rumfa kusa da rijiya, kar a wahalar da baƙuwa. Ya sa aka ajiye masa kujera a gefe ya ce zai kalla.

Kafin mu fara na lura da wani abu. A bakin rumfar akwai randar ruwan shansu, kuma duk yaron da zai sha sai ya ciro wani ɗan ƙyalle fari ya tace ruwan cikin kofi. Na ce wa Nilmini, ka ga masu tsafta. Ta ce ba don cikinsu suke yi ba, don kar su haɗiye wani abu mai rai ne. Abin da ya maƙale a ƙyallen ma mayar da shi ruwa suke. Wato mu muna tace ruwa kar ƙwaro ya kashe mu, su suna tacewa kar su kashe ƙwaro.

Ranar farko ba ta yi armashi ba. Na ce kowa ya ciro gashi ɗaya mu duba. Yara goma sha bakwai suka shafa kawunansu, ko tsinke babu. Suka juyo suna kallon gyalena. Na ce a'a. Da gashin kyanwar gidan muka yi. Muka duba fatar albasa, muka duba zaren mayafinsu, suka ɗan yi murmushi. Sai Sumana ya ɗaga hannu ya ce a littafi ya ga an ce akwai halittu a cikin ruwa, yana son gani. Na ɗigo ruwan randa a gilashi. Fari fat. Na murɗa, na juya, na kai shi rana. Babu ko ƙura. Yaran baya suka fara haska wa juna ido da madubin, Baba Loku ya yi hamma har sau biyu, ya tashi kafin a tashi.

A hanya Nilmini ta ce, "Saura kwana biyu."

To a nan ne 'yar kasuwar da ke cikina ta farka. Ku da kuke sana'ar nan kun sani, in kaya ba su da kyau a ido, ba kayan ake canzawa ba, hoton ake canzawa. Da safe na riga kowa isa. Bayan rumfar akwai kududdufi mai furannin bado, ruwansa kore shar. Na cika 'yar kwalba, na bar ta ta kwanta, na tsiyaye na saman da ya yi haske. Da aji ya cika, Baba Loku ya zauna, na ɗaga kwalbar na ce, "Jiya madubin ne bai saitu ba. Ga ruwan randarku na sake ɗebowa." Da na ce na kududdufi ne ma da sun ji daɗi. Amma kwastoma ya fi firgita in abin a gidansa yake, ni kuma so nake tsohon ya daina hamma. Nilmini ta fassara da zuciya ɗaya.

Wallahi ni kaina da na leƙa sai da na ja baya. Kasuwar Kwari ranar jajiberin salla. Wani kamar silifa yana gudu, wani yana juya gashin baki kamar fanka, wani da ido ɗaya da 'ya'ya a ciki. Sumana ya leƙa ya daɗe bai ɗago ba. Sauran suka yi layi, har da ture-ture, mayafi na zamewa. Baba Loku ya taso ya cire tabarau ya leƙa, ya sake leƙawa. Na ce a raina, an sayar.

Sai Sumana ya ciro ƙyallensa ya ce a tace, a sake dubawa. Aka tace. Manyan suka tsaya a ƙyalle, ƙananan suka wuce abinsu suna iyo. Na kai gefen gyalena zan goge gilashin, baki goma sha bakwai suka yi ƙara lokaci ɗaya. Na tsaya da hannu a sama kamar an kama ni da wuƙa.

Daga wannan lokacin babu yaron da ya sake zuwa wajen randa.

Ku gane, su daga rana ta take tsaka ba sa cin abinci sai gobe, ruwa da shayi ne ke riƙe su. Aka ce a tafasa, suka ce wannan ai dafa su ne da rai. Shayi ma haka. Ruwan kwakwa kaɗai suka yarda da shi, kafin la'asar sun gama da duk wadda hannu ke kaiwa a gidan, ba ta kuma ishe su ba. Ga zafi irin mai danshin nan da ko a tsaye kake kana jiƙewa. Baba Loku ya yi musu magana, suka sunkuyar da kai da ladabi, suka ƙi sha. Abin da ido ya gani ya gani.

Da yamma labari ya kai gida. Amma ta ƙi cin abinci. Nilmini ta ce, "Ni na jawo. Ni na kawo abin da zai sa yaro ya ji tsoron ruwa." Ni kuma ina gefe ina tura taliyar shinkafa. Na ce mata ƙila gobe su manta. Har yanzu in na tuna na faɗi haka sai in ji kunya.

Ba su manta ba. Da safe muka tarar da madubi ashirin an jera su cikin kwali, an ɗaure da igiya. Yaran na zaune a ƙasa, leɓen Sumana ya bushe ya tsage, ɗaya ƙaramin an kwantar da shi a benci ana yi masa fifita. Baba Loku ya ce ta bakin Nilmini ya gode da tafiyar da muka yi, amma abin da zai raba yara da ruwa ba zai kwana a gidansa ba.

Na ce, "Nilmini, fassara. Ruwan jiya ba na randa ba ne."

Ta fara faɗa da yarensu, ta kai rabi, ta tsaya. Ta juyo ta kalle ni.

"Na ina ne?"

"Na kududdufi."

"Ruƙayya."

"Ki fassara mana, habibti, kya kashe ni a gida."

Ta fassara, ba ta sake kallona ba. Ban san yadda ake cewa maƙaryaciya da yarensu ba, amma ina jin na ji kalmar ta zaga rumfar. Tsohon ya gyara tabarau ya tambaya me ya sa. Na ce na ga yana hamma ne. Ya ce, "A ƙasarku haka ake koyar da kimiyya?"

Na ce, "A'a, Baba. Haka ake sayar da abaya."

Sai da Nilmini ta yi masa bayanin abaya, da sitatus ɗin waya inda muke tallar kaya, da yadda ake ɗaukar hoto a ƙarƙashin fitila mai kyau. Ya saurara har ƙarshe kamar ana karanta masa wata cuta sabuwa. Sannan ya sa Sumana ya kwance igiyar. Yaron ya ɗauki madubi ɗaya, ya je randa da ƙafarsa, ya ɗebo da hannunsa, ya ɗiga da kansa. Ni aka ce in tsaya can nesa, hannuwana a baya. Yaron ya leƙa ya daɗe. Fari fat.

Na fara sauke ajiyar zuciya, sai ya ɗago ya yi tambaya. Nilmini ta fassara ba tare da ta juyo ba: "Ya ce babu komai ne, ko madubin ne ba ya gani?"

Kun san amsar da ke sayar da kaya. Tana bakina, kalma biyu ce, babu komai, kowa ya sha ruwa a tashi lafiya. Na kalli leɓen yaron. Na ce, "Akwai waɗanda suka fi waɗannan ƙanƙanta, wannan madubin ba ya kai musu. Suna cikin kowane ruwa. Suna hannunka, suna bakinka, suna cikin kwakwar da kuka sha jiya."

Nilmini ta rufe ido kafin ta fassara. Na ce shi ke nan, na ƙarasa kashe shi.

Baba Loku ya ce a ba shi kofi. Ya ciro nasa ƙyallen, tsoho har ya yi ruwan ƙasa, ya tace ruwan randa a hankali, ya shanye a gabansu. Ya ce, "Ƙyallen nan an ba mu shi don abin da ido ke gani da abin da zuciya ta nufa. Wanda ya ce sai ya tace abin da ba ya gani, zai kashe rai ɗaya da kowa ke gani." Ya miƙa wa ƙaramin da ke kan benci kofin. Daga nan layi ya koma randa. Ban taɓa jin daɗin ƙarar maƙogwaro irin na ranar ba.

Da suka ƙoshi tsohon ya yanke hukunci. Madubi za su zauna. Amma doka biyu: kowa shi zai ɗebo abin da zai duba da hannunsa, kada ya karɓa daga hannun kowa, ko da malami ne. A nan ya kalle ni ta saman tabarau. Ta biyu, duk abin da aka ɗebo a mayar da shi gidansa. Sai aka miƙo min kwalbata ta jiya, ashe sun ajiye ta a inuwa, har da ganye a kai. Ni a gaba, yara goma sha bakwai a baya, muka raka ruwan kududdufi har kududdufi. Na taɓa raka amarya da mutanen da ba su kai haka ba.

Ranar da za mu taho tsohon ya aiko min da sabon ƙyallen tacewa. Bai haɗo da saƙo ba, ni ma ban tambaya ba.

Nilmini ba ta yi min magana ba a bas, ba ta yi ba a jirgi. Sai da muka sauka, muna jiran jaka, ta ce, "Sittin a kan madubi ɗaya, ko?" Ashe Hadiza 'yar Maraɗi ta ɗakin kusa da mu ta daɗe da gaya mata. Shekaranjiya kuma ta miƙo min waya daga gadon sama. Hoton littafin Sumana ne, ya zana mai kama da silifar nan, a ƙasa ya yi rubutu. Ta ce ya rubuta wurin da ya ɗebo, da sunan wanda ya ɗebo.

Jiya Hajiya Turai ta ce in turo mata hoton baƙar abayar nan mai duwatsu. Na je wajen telana a Satwa, na ɗauka a hasken shagon yadda take, ban taɓa komai ba. Ta ce, "Ke 'yar nan, wannan ai ba ita ce ta sitatus ba." Na ce, "Ita ce, Hajiya. Waccan ta kududdufi ce." Ta ce ba ta gane ba, ta saya a wajen wata.

Masu tambayar tsaraba kuma, ganyen shayi ne, yana nan Abu Hail, kowa ya zo ya ɗauka da hannunsa. Hoton da na sa muku ɗazu in kun ga fakitin ya yi girma, ƙarami ne. Kyamarar na matsar, hannu ne ya riga ya saba.